Yarona Mai Galahanga Ya Ƙi Abinci Tun da Na Cire Masa Fulawa da Madara

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Kaduna. Na tsakiyar shekararsa 5, bara likitoci suka tabbatar mana yana da lalurar autism, wato galahanga. Kalmomin da yake furtawa ba su fi goma ba. Abincinsa ma ƙidayayye ne: indomi, burodi da shayi mai kauri, biskit, yogot, sai soyayyen dankali in ya ga dama. Yakan yi kwana huɗu bai yi bayan gida ba, in zai yi sai da kuka, cikin dare kuma ya farka yana ihu. A makarantar da nake kai shi wata uwa ta ce mini tun da ta cire wa nata duk abin da ke da fulawa da madara ya natsu, har ya fara magana. Ta haɗa ni da mai sayar da garin ƙasar waje da madarar almon, na sayi kaɗan, kuɗin ya cinye cefanen mako guda. Kwana uku ke nan da na hana shi abincinsa, bai ci komai ba sai ruwa da ayaba, har ya fara buga kansa a bango. Hajiyar maigidana ta ce zan kashe mata jika da yunwa, shi kuma maigidan ya ce in yi abin da na ga ya dace. Don Allah a ina zan samu abincin da babu gulutin, wato sinadarin da ke cikin fulawa, babu madara wanda bai fi ƙarfinmu ba? Kuma in ci gaba ne ko in haƙura?

Wata uwa, daga Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaro lafiya, ya ba ki ladan ɗawainiya.

Kafin mu shiga zancen inda za a samu gari, ga abin da nake so ki yi yau ɗin nan kafin rana ta faɗi: ki dafa masa indominsa yadda ya saba, ki haɗa masa shayinsa da burodinsa, ki ajiye a gabansa ba tare da dogon lallashi ba. Yaron da ya kwana uku a kan ruwa da ayaba yana cikin wahala, buga kan nan kuwa shi ne bakin da yake da shi na gaya miki. Mutane sukan ce a ƙyale yaro, in yunwa ta ci shi zai ci. Haka ne ga yawancin yara, amma ban da da yawa daga cikin masu galahanga. Akwai wanda zai zauna da yunwa har ya galabaita a kwantar da shi a asibiti, bai yarda ya sa abin da bai sani ba a baki. Ba taurin kai ba ne. Laushin abinci, warinsa, launinsa, har ƙarar da yake yi a haƙori, duk suna iso masa da ƙarfin da ni da ke ba ma ji. In kin ga fitsarinsa ya ragu, ko leɓensa ya bushe, ko jikinsa ya saki, kada ki jira gobe, ki kai shi asibiti.

To, sai maganar da ta jefa ki cikin wannan hali. Gulutin wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir, shi ne ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Na madara kuma sunansa kesin. Tun ƙarshen shekarun 1970 wasu masu bincike suka yi hasashen cewa ɓurɓushin waɗannan biyun na tsallakewa daga hanji zuwa jini har su taɓa ƙwaƙwalwa, daga nan iyaye a Amurka da Turai suka rungumi cire su. An gwada hasashen. A Jami'ar Rochester da ke Amurka, wata likitar yara mai suna Susan Hyman da abokan aikinta sun ɗora ƙananan yara masu galahanga a kan abincin da babu alkama babu madara, sannan mako-mako suna ba su ɗan abin taɓawa, wani da gulutin, wani da kesin, wani da duka biyun, wani babu ko ɗaya. Iyaye da malamai ba su san wanne aka bayar ba. Yara 14 ne suka kammala, kuma rahoton da ya fito a 2016 bai nuna wani bambanci a ɗabi'arsu ko barcinsu ko bayan gidansu ba. Yaran ba su da yawa, gaskiya ne, amma sauran binciken da aka tattara su ma ba su kawo hujja mai ƙarfi ba. Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin jinya, ta rubuta tun 2013 cewa kada a yi amfani da cire gulutin ko kesin a matsayin maganin ainihin alamomin galahanga. Ina gaya miki wannan ne ƙarara don kada ki ɗora wa kanki laifi wata rana, ki ce da kin daure da ya yi magana. Ba burodi ne ya riƙe masa harshe ba.

Uwar da ta ba ki shawara fa, ƙarya ta yi? Ban ce ba, kuma na yarda ta ga abin da ta ce ta gani. Yara masu galahanga sun fi sauran yara fama da ciwon ciki, taurin bayan gida da kumburi. Yaron da cikinsa ke murɗawa kuma ba shi da kalmar da zai faɗa, ihu zai yi, ya ciji hannu, ya hana gida barci. In aka yi dace madara ce ke ɓata masa ciki, aka cire, sai ciwon ya kwanta, ya yi barci, ya saurari malama, ko shakka babu uwarsa za ta ga sabon yaro. Cikin ne ya warke, lalurar tana nan. Ga kuma shekaru suna tafiya, makaranta tana aikinta, yaro yana girma. Nata ɗan daban, naki daban. Abin tambaya a kan naki shi ne: mene ne ke hana shi bayan gida kwana huɗu, mene ne ke tashinsa da dare?

Wannan tambaya a ɗakin likitan yara ake amsa ta. Kina Kaduna, akwai asibitin koyarwa na Barau Dikko, akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Ki nemi a duba taurin bayan gidan a yi maganinsa sosai, don sau da yawa kashi ne ya taru ya sandare, kuma wannan magani yake so na makonni ko watanni, ba canjin abinci kaɗai ba. Ki lura ma abincin nasa gaba ɗaya fari ne tas, babu dusa babu ganye, wannan kaɗai ya isa ya ɗaure cikin kowa. A leƙa haƙoransa da kunnensa, a auna jininsa, a ɗora shi a sikeli. Sannan ki tambayi gwajin cutar siliyak, wadda ita ce cutar da gulutin ke lalata hanjin mai ita da gaske, tana kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Ga dalilin lafiyar da ya sa na ce ki mayar masa da burodinsa: gwajin jinin ba ya nuna gaskiya sai mutum yana kan cin alkama, kullum, na aƙalla mako 6 kafin a ɗibi jinin. In kin riga kin cire, sakamako zai iya fitowa lafiya lau alhali cutar tana nan. In gwaji ya tabbatar da siliyak, to cire alkama ya zama dole har iya rayuwa, kuma ko ɓurɓushi ba a so. In bai nuna ba, cirewar gwaji ce kawai, ana iya yi ana iya bari.

Yanzu ga amsar tambayarki ta farko, kuma nan ne nake so hankalinki ya kwanta. Abincin da babu gulutin ba a kantin masu kuɗi yake ba, yana cikin sitonki. Garin nan mai tsada da aka sayar miki, juya bayan ledar ki karanta: akasari garin shinkafa ne da na masara da sitacin rogo ko na dankali. An yi shi ne domin mutanen da rayuwarsu ta ginu a kan alkama, safe burodi, rana taliya, dare burodi. Mu kuwa gero ne da dawa da maiwa da masara da shinkafa suka raine mu, kuma babu gulutin ko ɗigo a cikinsu. Haka acca da tamba, waɗanda ake nomawa a kudancin jiharku da Filato, za ki same su wajen masu hatsi. Haka doya, rogo, dankalin Hausa da na Turawa, makani, kabewa, wake, gurjiya, gyaɗa, riɗi, aya, waken suya. Tuwon shinkafa da miyar taushe, tuwon dawa da miyar kuka, dambun masara da zogale, faten acca, wake da shinkafa da mai da yaji, ƙosai da koko, alale, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, gasasshen nama, kifi, ƙwai, duk 'ya'yan itace. Kakanninmu sun shekara a kan waɗannan ba su ga fulawa ba sai ranar biki.

Na alkamar su ne burodi, indomi, taliya, makaroni, kuskus, semo, biskit, kek, cincin, fanke, funkaso, gurasa, alkubus, alkaki, dublan, da tuwo ko kunun alkama. Semo na yawan ruɗar mutane saboda fari ne ana tuƙa shi kamar na masara, amma daga alkama ake yin sa.

Inda aikin yake shi ne abincin da asalinsa babu alkama amma hannu ya ƙara masa. Ɗanwake na gargajiya garin wake ne da na rogo ko dawa da kuka da kanwa, amma yanzu gidaje da yawa da masu sayarwa da fulawa suke yi. Masu waina wasu suna zuba 'yar fulawa ko semo a ƙullu don ta haɗe. Mai ƙosai ta bakin titi a mai ɗaya take soya ƙosai da fanke. Sai babban wurin da ba a tunawa, injin niƙa: wadda ke gabanki a layi alkama ta kawo, ke kuma aka zuba geronki a kai. In yaro yana da siliyak wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ki sa a fara niƙa gwangwani ɗaya na hatsinki a ware shi ga sauran 'yan gida, a share injin, sannan a niƙa nasa, ko ki jiƙa ki markaɗa a bilenda a gida, ko a koma ga turmi. Rariyar tankaɗensa da muciyarsa su zama daban. In kuwa gwaji kawai kike yi babu siliyak, ba sai kin wahalar da kanki har haka ba.

Kayan kanti kuma sai da karatu. A bayan kwali ko gwangwani ki nemi jerin kayan haɗi, da Turanci ake rubutawa. In kin ga wheat, flour, semolina, barley ko malt, akwai gulutin. In kin ga milk, whey, casein, butter, cream ko cheese, akwai madara. Lemukan malt, garin shayi irin su Milo da Bournvita, wasu konfilas, wasu dunƙulen ɗanɗano, tsiran kanti da cakulan, a nan suke ɓoyewa. Kamfani yakan canza haɗi, don haka abin da kika karanta bara ki sake karanta shi bana. Daddawa da albasa da garin kirafish da busasshen kifi suna ɗaga miya ba tare da kin yi wannan binciken ba.

Madara ita ce mai wuya, kuma ita nake jin tsoro a kanta. Da farko ki san matsalar madara iri biyu ce. Akwai wanda sukarin cikinta ne ba ya narke masa, sai kumburi da tusa da zawo, wannan yana da yawa a Afirka ta Yamma, kuma irinsa sau da yawa yana shan nono da yogot lafiya tun da tsami ya rage sukarin. Akwai kuma wanda jikinsa ke faɗa da furotin ɗin madarar, wannan ko kindirmo, ko cuku, ko madarar gari, ko ta gwangwani, ko tuwon madara da gullisuwa, duk ɗaya ne a wajensa. Nonon akuya da na tunkiya ba mafita ba ne, suna da nasu kesin mai kama da na saniya. Za kuma a kawo miki zancen nonon raƙumi, don ana yayinsa yanzu a matsayin maganin galahanga. Shi ma madara ne, kuma ɗanyensa da ba a tafasa ba yana iya sa wa yaro zazzaɓin burusela mai wuyar magani.

Abin da ke sa ni tsoro shi ne ƙashinsa. A ma'aunin Amurka yaro mai shekara 4 zuwa 8 yana buƙatar miligiram 1,000 na kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, a rana, kofi ɗaya na madara kuwa yana ɗauke da kusan 300. A abincin yaronki na yanzu, shayi mai kauri da yogot ɗin nan su ne kusan kaɗai ke ba shi kalsiyam da furotin mai kyau. Wannan ba zancen Turai ba ne. A Jos, binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka buga a 1999 ya nuna cewa yaranmu masu gwame da bakan ƙafa ba hasken rana mai ba jiki bitamin D suka rasa ba, kalsiyam suka rasa, abin da suke samu a abinci bai wuce kusan miligiram 200 a rana ba, kuma da aka ba su kalsiyam ƙasusuwan yawancinsu suka warke. Don haka ƙa'idar da nake so ki riƙe ita ce: ba a cire abu daga kwanonsa sai wanda zai maye gurbin ya riga ya shiga bakinsa, yana ci yana haɗiyewa.

Me zai maye gurbin? Tamba ce kan gaba a hatsi, giram 100 nata na da sama da miligiram 300 na kalsiyam, ninkin na gero da shinkafa sau da yawa. Garin kuka na da shi sosai, haka zogale, riɗi, kuɓewa, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, har da sadin na gwangwani in an murƙushe ƙashin a ciki. Ga yadda za ki yi kunun: ki wanke tamba ki rege tsakuwa, ki jiƙa ta kwana, don jiƙon yana taimaka wa jiki ya ɗebi abin da ke cikinta. Ki markaɗa ki tace. A gefe ki dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa da cokali ɗaya na niƙaƙƙen riɗi, ki tace, ki tafasa, ki zuba ƙullun tambar kina juyawa har ya yi kauri daidai da shayinsa. Launinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, kusa da abin da idonsa ya saba gani a kofi, wannan ma riba ce. Busassun ƙananan kifi ki ɗan gasa su a kasko, ki daka har da kai da ƙaya su yi laushi liƙis, ki tankaɗe, ki riƙa barbaɗa rabin ƙaramin cokali a miya ko faten dankali.

Sai dai kada farin launi ya ruɗe ki. Kunun aya da madarar kwakwa da ta shinkafa suna kama da madara a ido, amma ba su da furotin da kalsiyam ɗinta. Madarar almon ɗin da kika saya yawancinta ruwa ne, amfaninta kawai in kamfanin ya ƙara mata kalsiyam. Madarar waken suya ta fi su furotin, ita da awara, amma awarar da muke haɗawa da ruwan tsami ba ta kai madara kalsiyam ba, kuma wasu yaran da madarar saniya ke damu waken suya ma yana damunsu. Ga yaro mai zaɓen abinci kamar naki, in har za a cire madara, ki sa likita ko jami'in abinci na asibiti ya rubuta masa kalsiyam na sha da bitamin D gwargwadon nauyinsa. Kada ki sayo da kanki a kemis.

Duk wannan jeri da na kawo miki, na san abin da zuciyarki ke cewa: Anti, ai ba zai ci ba. Gaskiyarki. Samun abincin sauƙi ne, shigar da shi bakinsa ne aikin. Dubi abin da yake ci ki karanta shi. Biskit da soyayyen dankali masu ƙaras-ƙaras ne. Burodi da indomi da yogot masu laushi ne, kuma kullum ɗanɗanonsu ɗaya, ba sa ba shi mamaki. Babu mai miya a kai, babu mai gauraye. To daga nan za ki fara. Tun da yana cin soyayyen dankalin Turawa, ki yanka na Hausa daidai irin wannan yankan, ki soya, ki sa sili ɗaya a gefen farantinsa. Ɗaya tak. Kada ki ce ya ci, kada ki tsaya a kansa, ke dai ki ci naki a gabansa. Ranar farko zai iya ture shi, wata rana ya taɓa, wata rana ya shinshina, wata rana ya lasa ya tofar. Duk ci gaba ne. Yakan ɗauki gani goma, goma sha biyar ko fiye kafin sabon abu ya wuce maƙogwaro. Daga dankalin Hausa sai doya, daga doya sai soyayyar awara mai ƙarfi-ƙarfi, sai ƙosai. Ta ɓangaren burodi, sinasir da wainar shinkafa ta gida su ne mafi kusa da shi a laushi da fari, ki yanka su murabba'i yadda kike yanka masa burodin. Ta ɓangaren biskit akwai ƙuli-ƙuli siriri, kantun riɗi, soyayyen rogo da ayabar suya busasshiya. Akwai taliyar shinkafa a manyan kantuna, in kin samu ki dafa da irin kayan ɗanɗanon da ya saba, a kwanon da ya saba. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu ɗaya da zan roƙe ki: kada ki ɓoye sabon abu a cikin abincin da ya amince da shi. Irin waɗannan yara harshensu na gane ƙanƙanin canji, in ya kama ki sau ɗaya zai iya barin abincin gaba ɗaya, ki wayi gari biyar ɗin sun koma huɗu. Ɗure kuma ko kusa.

In ya karɓi sababbin abubuwa kamar biyar ko shida, likita ya gama gwaje-gwajensa, taurin cikin ya saki, kuma har yanzu kina son ki gwada, to ki gwada da tsari. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Fara da madara, mako 4. Ki sayi littafin rubutu, tun mako biyu kafin ki fara ki riƙa rubuta abin da ya ci, sau nawa ya yi bayan gida da yanayinsa, ƙarfe nawa ya kwanta, sau nawa ya farka, sau nawa ya buga kai. Ki bar malamarsa ba ta san ranar da kika fara ba, bayan wata ki tambaye ta ko ta ga wani canji, don idon uwa mai fata yakan ga abin da yake so. Daga nan ki mayar da madarar ki gani. In matsalar ta tafi da cirewa ta dawo da mayarwa, kin samu amsa. In babu bambanci, ki bar masa yogot ɗinsa ya sha da daɗi. Alkama ma haka, daban, a wani lokacin. Duk sanda nauyinsa ya fara sauka ko abincin da yake karɓa ya ragu, a tsaya.

Hajiya kuma ki sassauta mata a zuciyarki. Kalmar ta yi zafi, amma abin da ta gani gaskiya ne, jikanta bai ci abinci ba. Ki jawo ta cikin aikin maimakon ku ja daga. Ita ta san dambu da fate da kunun tamba fiye da mu, kuma yara da yawa sukan karɓi abu a hannun kaka su ƙi a hannun uwa. Ki ce mata, Hajiya likita ya ce a ƙara masa abincin gargajiya, ke za ki koya mini. Maigida kuwa, "yi abin da kika ga ya dace" ba amsa ba ce, nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ki nemi ya raka ki asibiti ya ji da kunnensa. In an zo cirewar, ya fi sauƙi tukunyar gidan gaba ɗaya ta koma tuwo da dambu da wake, da a ce yayansa da ƙaninsa suna cin indomi a gabansa shi an hana shi.

Ki kuma kula da masu kasuwanci da hawayen iyaye. Bayan gari za a kawo miki ƙwayoyi, da gwajin gashi, da maganin wanke ƙarfe daga jini, da ruwan wanke hanji. Wasu ɓarnar kuɗi ce kawai, wasu kisa suke. A 2005 wani yaro mai galahanga ɗan shekara 5 ya rasu a jihar Pennsylvania ta Amurka ana cikin yi masa allurar wanke ƙarfen nan. Wani ruwa da ake tallatawa da sunan MMS kuwa bilic ne, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2010 ta sake a 2019. Duk wanda ya ce miki yana warkar da galahanga, riƙe jakarki. Kuɗin cefanen makon nan da ya tafi a leda ɗaya, in ya sake samuwa, ki kai shi wajen mai koyar da magana, ko ki buga hotunan abinci da banɗaki da kofin ruwa ki manna a bango, ya koyi nuna miki abin da yake so da inda ke masa ciwo. Yaro mai kalma goma yana da abin ginawa a kai, kuma irin wannan horon shi ne aka fi samun shaidar amfaninsa.

Ranar da za ku je asibiti ki tafi da katin awonsa, da takardar da aka rubuta sakamakon lalurar bara, da jerin duk abin da ya ci na kwana uku har da yawansa, da ledar garin da kwalin madarar da kika saya domin likita ya karanta da kansa. In kina da bidiyon yadda yake yi in zai yi bayan gida ko in ya farka da dare, ki nuna, ya fi dogon bayani. Ki tafi masa da abin da zai ci da abin da ke kwantar masa da hankali saboda layi, ki kuma gaya wa nas tun a ƙofa cewa jira na yi masa wuya. Ki rubuto mini abin da gwajin ya nuna, daga nan mu tsara abincin mako tare, gwargwadon abin da ke kasuwarku da abin da aljihu zai ɗauka.